Amir Abdulƙadir na Aljeriya: Musulmin da ya tsaya wa Kiristocin Dimashƙu

Ranar Lahadi 20 ga watan Oktoba 2024, a dandalin Waliyyi Bitrus da ke Roma, cikin waɗanda Paparoma Francis ya shigar a jerin tsarkakan Ikilisiya akwai mutum 11 da ake kira Shahidan Dimashƙu. Takwas daga cikinsu 'yan ƙungiyar Waliyyi Francis na Asisi ne, shugabansu Fada Emmanuel Ruiz. Sauran ukun kuwa wa da ƙannensa ne daga gidan Massabki, 'yan Katolika Maroniyawa, mutanen gari masu zuwa Misa kamar kowa. An kashe su duka a dare ɗaya, tsakanin 9 da 10 ga Yuli 1860, a cikin gidan firistocin, kuma waɗanda suka kashe su da sunan Musulunci suka shigo. Wannan gaskiya ce, ba mai iya share ta.

Amma a cikin garin nan, a cikin daren nan, akwai wani Musulmi, malami, mahaddacin Alƙur'ani, wanda ya taɓa yin shekara 15 yana jihadi da sojojin Faransa, yana ratsa hayaƙi da mutanensa suna tsamo Kiristoci daga gidajen da ke cin wuta. Shi ma da sunan Musulunci ya fito. Tarihinsa ne muka kawo wa jama'ar Allah a wannan fitowa, ko da yake shi ba ɗan Ikilisiya ba ne, domin wanda ya san labarin shahidan nan bai san nasa ba, rabin labari ya sani.

Sunansa Abdulƙadir ɗan Muhyiddin. An haife shi a shekarar 1808 a ƙauyen Getna, kusa da garin Maskara a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa shehi ne na ɗariƙar Ƙadiriyya, ɗariƙar nan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi, wadda har yanzu take da mabiya masu yawa a Kano da Sakkwato. Lokacin da Shehu ya rasu a 1817, Abdulƙadir yaro ne ɗan shekara tara yana karatun allo a zawiyar mahaifinsa. Ya haddace Alƙur'ani yana da shekara 14, ya ci gaba da fiƙihu da nahawu da lissafi, ya kuma gwanance da hawan doki. Bai kai shekara ashirin ba mahaifinsa ya tafi da shi aikin Hajji. Suka bi ta Masar, suka je Makka, suka zauna a Dimashƙu, suka kai ziyara Bagadaza ga kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya ci sunansa. Da al'amura sun tafi yadda mahaifinsa ya so, da malamin zaure ya zama, ya ƙare kwanansa tsakanin littattafai da almajirai.

Ba haka Allah ya nufa ba. A 1827 mai mulkin Aljiyas ya fusata a kan wani tsohon bashin alkama da Faransa ta ƙi biya, ya bugi jakadanta da mafici. Faransa ta riƙe wannan hujja, ta sauke sojoji a watan Yuni 1830, birnin Aljiyas ya faɗi ranar 5 ga Yuli. A takardar miƙa wuya an yi alkawari ba za a taɓa masallatai da dukiyar mutane ba. Shekara biyu ke nan aka ƙwace masallacin Ketchaoua da bakin bindiga aka mai da shi coci, daga baya ma ya zama babbar majami'ar bishop, bai koma hannun Musulmi ba sai a 1962. Ya kamata mu faɗi wannan da bakinmu, domin da wannan fuska Kiristanci ya fara bayyana ga yawancin mutanen Aljeriya na zamanin: baƙo mai bindiga, mai karya alkawari, da gicciye a bayansa.

A watan Nuwamba 1832 ƙabilun yamma suka taru a filin Gharis suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a, yana da shekara 24. Ba za mu daɗe a kan yaƙe-yaƙensa ba, littattafan tarihi sun cika da su. Ya ci Faransawa a Makta a 1835, suka ci shi a Sikkak a 1836. Sau biyu suka sa hannu a yarjejeniya da shi, a 1834 da kuma ta Tafna a 1837, wadda ta bar masa mafi yawan ƙasar. Ya kafa hedkwata a Tagdemt, ya buga kuɗi, ya naɗa alƙalai masu albashi, ya gina maƙeru da rumbuna, ya tara littattafai. In wata matsala ta shari'a ta shige masa duhu, kamar hukuncin ƙabilar da ta haɗa kai da maƙiyi, yakan rubuta wa malaman Fas a Maroko ya nemi fatawa, bai yarda ya mai da fushinsa shari'a ba. Yaƙi ya sake ɓarkewa a ƙarshen 1839, aka kuma turo Janar Bugeaud, wanda dabararsa ita ce ƙone amfanin gona, da sare itatuwa, da kwashe dabbobi, har yunwa ta sa ƙabilu su durƙusa.

A tsakiyar wannan masifa ne ya haɗu da mutumin da ya nuna masa wata fuskar Kiristanci. Antoine Dupuch, mutumin Bordeaux, lauya ne kafin ya zama firist, shi ne kuma bishop na fari a Aljiyas daga 1838. Wata rana matar wani jami'in Faransa mai suna Massot, wanda mahayan Abdulƙadir suka kama, ta zo masa da 'yarta a hannu tana kuka. Bishop ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Amir, abokin gaban ƙasarsa, yana roƙo a saki mutumin saboda Allah. Amsar da ta dawo ta ba shi kunya, ta kuma faranta masa rai. Amir ya nuna masa cewa bawan Allah bai kamata ya roƙi 'yancin mutum ɗaya kawai ba, kamata ya yi ya roƙi na dukan Kiristocin da ke tsare, sa'an nan ya nemi a saki Musulmi kamar yawansu daga kurkukun Faransa. Bishop ya karɓi gyaran. A watan Mayu 1841, kusa da Boufarik, shi da kansa ya fita ba rakiyar soja, ya miƙa fursunoni Musulmi, ciki har da mata da yara da ya tufatar, ya karɓo Faransawa fiye da ɗari. Daga baya mataimakinsa, Fada Suchet, ya yi tafiya mai wuya har sansanin Amir ya karɓo wasu. Da aka ji cewa Bishop yana renon marayu, sai aka aika masa da garken awaki masu shayarwa domin yaran su sami madara.

Abin da Fada Suchet da fursunonin da aka saki suka ba da labari ya ba mutanen Faransa mamaki, domin jaridunsu sun saba zana Amir a matsayin mai kishin addini na makanta, mai ƙishin jini. Ashe ya hana tsohuwar al'adar sare kan maƙiyi: wanda ya kawo fursuna da rai yana da lada, wanda ya wulaƙanta shi yana da bulala. Fursunoni suna cin abin da sojojinsa suke ci. Matan da aka kama suna hannun mahaifiyarsa, Lalla Zohra, a tantinta. Ba a tilasta wa kowa ya bar addininsa, har ma Amir ya yarda a aiko da firist ya zauna da fursunoni Kiristoci, ya yi musu addu'a, ya rubuta musu wasiƙu zuwa gida. A 1842, da abinci ya ƙare masa, ya sallami wasu fursunoni ba fansa ba musaya, domin ba shi da abin ciyar da su, ba ya kuma so ya kashe su. Wani hafsan Faransa mai suna Saint-Arnaud ne ya rubuta wannan a wasiƙarsa. Yarjejeniyar Geneva ta fari, wadda ta soma sa wa yaƙi ka'ida a Turai, sai a 1864 aka yi ta.

To, a ɗaya ɓangaren fa? A watan Mayu 1843 aka afka wa babban sansaninsa mai tafiya, inda iyalai da dukiya da littattafansa suke, iska ta watsa takardun da ya yi shekaru yana tarawa. A watan Yuni 1845, a duwatsun Dahra, mutanen ƙabilar Aulad Riyah suka gudu cikin kogo da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu. Kanar Pélissier ya sa aka tara itace a bakin kogon aka cinna wuta, aka yi ta ƙara mata har gari ya waye. Ɗaruruwan mutane suka mutu da hayaƙi. Bayan wata biyu Saint-Arnaud, shi wannan da ya yaba wa Amir a wasiƙa, ya toshe bakin wani kogo da mutane a ciki. An yi Allah wadai da Pélissier a majalisar Paris, amma ba a hukunta shi ba, ƙarshenta ma ya kai matsayi mafi girma a soja, ya kuma zama gwamnan Aljeriya a 1860.

'Yan'uwa, waɗannan hafsoshi daga ƙasar Kiristoci suka fito, ƙasar da ake yi wa kirari da babbar 'yar Ikilisiya. Da Abdulƙadir ya auna Bisharar Ubangijinmu da abin da aka yi a Dahra, da wa zai ga laifinsa? Yana da gawawwaki ɗaruruwa da zai nuna. Amma ya riga ya san Dupuch, ya kuma san cewa Pélissier da Dupuch ba abu ɗaya suke wakilta ba, ko da yake harshensu ɗaya, tutarsu ɗaya, baftismarsu ɗaya. Har ƙarshen ransa, in zai yi maganar abin da aka yi wa ƙasarsa, a kan masu mulki da sojoji yake ɗora shi, bai ɗora a kan Almasihu ko masu binsa da gaskiya ba.

Nasa ɓangaren ma bai fita da hannu fari ba, kada a ce mun ɓoye. A watan Afrilu 1846, lokacin da yake can nesa yana yaƙi, sansanin iyalansa a kan iyakar Maroko ya shiga yunwa da tsoro, sai surukinsa Mustafa ɗan Tuhami, wanda aka bar wa riƙon sansanin, ya sa aka yanka fursunonin Faransa fiye da 200 a dare ɗaya. Duk dokar da Amir ya kafa ta rushe a hannun na kusa da shi. Wannan tabo ya bi shi shekaru, maƙiyansa kuma suka riƙe shi hujja.

Da Sarkin Maroko ya juya masa baya, ƙabilu suka gaji, sai ya ga ci gaba da yaƙi zubar da jinin talakawa ne kawai. A watan Disamba 1847 ya miƙa wuya ga Janar Lamoricière, bisa sharaɗin a kai shi da iyalinsa Iskandariyya ko Akka, ƙasar Musulmi. Ɗan sarkin Faransa da kansa ya tabbatar da alkawarin. Jirgin kuwa Toulon ya nufa. Aka tsare shi a can, aka mai da shi Pau, daga nan aka kai shi wani tsohon gidan sarauta a Amboise, a bakin kogin Loire, shi da mutanensa kusan ɗari. Sanyi da laima da baƙin ciki suka yi ta ɗaukar su, har mutum 25 suka mutu a Amboise, yawancinsu mata da yara, kaburburansu suna nan a lambun gidan.

A nan ma waɗanda suka riƙe shi da mutunci 'yan Ikilisiya ne. Sistoci ne suka yi jinyar matansa da 'ya'yansa, tun da matan ba su yarda likita namiji ya duba su ba. Firist na garin ya zama abokin hirarsa. Bishop Dupuch kuwa, wanda a lokacin ya riga ya sauka daga kujerarsa saboda bashin da ya ci garin ayyukan jinƙai, ya zo ya gan shi ido da ido, a 1849 kuma ya buga ɗan littafi yana roƙon shugaban ƙasa ya cika alkawarin da Faransa ta yi. Ranar 16 ga Oktoba 1852 Louis Napoleon ya zo Amboise da kansa ya sake shi, ya yanka masa kuɗin shekara faran 100,000. Amir ya yi alkawari ba zai sake komawa Aljeriya ko ya ɗauki makami a kan Faransa ba, bai kuma taɓa karya wannan ba. Ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, da girgizar ƙasa ta rushe garin a 1855 sai ya koma Dimashƙu. Nan ya sami abin da yake so tun yana yaro: kullum yana karantarwa a babban masallacin Umayyawa, yana nazarin littattafan Shehu Ibn Arabi, dubban 'yan Aljeriya da suka yi hijira suna kewaye da shi.

Dimashƙu ba baƙon gari ba ne a kunnenmu. A hanyarta ne Ubangiji ya bayyana ga Shawulu, a cikinta Hananiya ya yi masa baftisma, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 9. Unguwar Kiristoci, wadda ake kira Bab Tuma, wato Ƙofar Toma, tana nan gefen miƙaƙƙen titin nan da aka ambata a surar. A 1860 Kiristocin garin sun kai kimanin 20,000, sun kuma yi shekara fiye da dubu suna zaune da Musulmi. Me ya sa zaman ya lalace a shekarar nan?

Dalilan ba daga masallaci ko coci suka taso ba. Garin yana ƙarƙashin Turkawa, a 1856 kuma Sarkin Musulmi na Istanbul, bisa matsin ƙasashen Turai, ya yi dokar daidaita Musulmi da Kirista a gaban hukuma, abin da wasu manyan gari suka ɗauka ƙasƙanci ne gare su. Jiragen ruwa suna ta sauke yadin Turai mai araha a Beirut, masaƙa Musulmi suna rasa abinci, alhali wasu 'yan kasuwa Kiristoci, masu hulɗa da Turawa da kariyar ofisoshin jakadanci, suna ƙara arziki, har manyan Musulmi da yawa suka zama masu cin bashi a hannunsu. Sa'an nan a watannin Mayu da Yuni 1860 faɗa ya tashi a duwatsun Lebanon tsakanin Maroniyawa da Duruzawa, su kuwa Duruzawa jama'a ce mai addininta dabam. Asalin rigimar gona ce da haraji da sarauta, kowane ɓangare kuma yana da masu zuga. Duruzawa suka rinjaya, aka yi wa Kiristoci kisan gilla a Hasbaya da Rashaya da Deir al-Ƙamar, garin Zahle ya faɗi, 'yan gudun hijira suka cika Bab Tuma, jita-jita ta cika kasuwa.

Abdulƙadir ya ga hadarin tun yana haɗuwa. Ya je wurin gwamna Ahmad Pasha ba sau ɗaya ba, ya yi magana da malamai, ya rubuta wa shugabannin Duruzawa yana jan kunnensu. Da ya ga gwamna ba shi da niyyar yin kome, sai ya shirya da jami'in jakadancin Faransa aka ba mutanensa makamai, kimanin 'yan Aljeriya dubu, yawancinsu tsofaffin mayaƙansa.

Abin da ya kunna wutar ƙaramin abu ne, kamar yadda aka saba. Wasu samari suka zana gicciye a kan titunan unguwar Kiristoci domin masu wucewa su taka. Aka kai ƙara, gwamna ya sa aka kama su, aka sa musu mari, aka fito da su su share titi a gaban jama'a. Ranar 9 ga Yuli da rana 'yan kasuwa suka ƙwace su, kafin la'asar taron ya zama tarzoma, aka nufi Bab Tuma. 'Yan iskan gari ne a gaba, daga baya mutanen ƙauyuka da Duruzawa da makiyaya masu neman ganima suka shigo, sojojin gwamna kuwa wasu suka tsaya kallo, wasu suka shiga wasoson. Aka ƙone majami'u da gidaje da masaƙu, aka ƙone ofisoshin jakadancin Rasha da Faransa da Amurka da wasu. An yi kwana takwas ana abu ɗaya, kwana ukun fari su ne mafi muni. Masana tarihi da yawa suna ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 5,000. A cikinsu akwai shahidanmu 11, waɗanda suka zauna a gidansu suna dogara ga kaurin ganuwarsa, da wani firist na Ikilisiyar Otodoks, Fada Yusufu na Dimashƙu, wanda mutanensa su ma suke girmamawa a matsayin shahidi.

Amir yana bayan gari lokacin da abin ya soma. Ya komo da gaggawa, ya raba mutanensa ƙungiya-ƙungiya, da 'ya'yansa maza a cikinsu, suka shiga lunguna suna kiran Kiristoci su fito, suna gaya musu su mutanen Abdulƙadir ne. Wasu daga rijiya aka zaro su, wasu daga ƙarƙashin tarkace. Suka je gidan firistocin Waliyyi Vincent da na sistocin jinƙai, suka fito da su da ɗaruruwan yaran da ke hannunsu, suka sa su a tsakiya, mayaƙa a dama da hagu, suka ratsa gari da su har gidansa a unguwar Amara. Jakadun Turai ma can suka fake. Da gidan ya cika aka buɗe na maƙwabta. Ya kuma sa aka yi shela cewa duk wanda ya kawo Kirista da rai yana da kuɗi, ya zauna a ƙofa yana biya, har waɗansu da suka fito farauta suka ga kawo mutum da rai ya fi riba.

Ba a daɗe ba taron ya zo ƙofarsa yana ihu a fito musu da Kiristoci. Waɗanda suka rubuta labarin sun ce ya fito ya tsaya a gabansu, ya tuna musu abin da addininsu ya ce a kan kashe rai marar laifi, da haƙƙin wanda ya shiga amanar Musulmi. Suka yi masa gori, wai shi da ya kashe Kiristoci a Aljeriya, yau shi ne mai kare su. Ya amsa musu cewa waɗancan sojoji ne da suka zo da makami su ƙwace ƙasarsa, waɗannan kuwa maƙwabta ne da ba su yi wa kowa kome ba. Da ya ga wa'azi bai shige su ba, sai ya sa a kawo masa dokinsa da makamansa, mayaƙansa suka ja daga. Taron ya watse.

A wannan amsa tasa ya kamata mu dakata. Shi da 'yan tarzomar alƙibla ɗaya suke fuskanta, littafi ɗaya suke karantawa, shi ne ma ya fi su saninsa nesa ba kusa ba. Su sun ɗauki kalmar Kirista suka zuba kowa a ciki: sojan Faransa, da jakadan Rasha, da mai ba da bashi, da tsohuwa mai sayar da gurasa, da jariri. Wannan ita ce alamar ɗan ta-kife a kowane addini, ba ya rarrabewa. Amir kuwa ya rarrabe, a lokacin da rarrabewa take iya jawo masa mutuwa. In har za mu tambaya wane ne ya wakilci Musulunci a ƙofar nan, malamin ko 'yan wasoson, to, mu yi tambayar da irin ma'aunin da muke so a yi mana a kan Dupuch da Pélissier.

Ba shi kaɗai ba ne kuma, wannan yana da muhimmanci, don kada a ce ai mutum ɗaya ne ya fita dabam. A unguwar Midan, kudu da ganuwa, manyan Musulmi irin su Salih Agha al-Mahayini suka tsare hanyoyin shiga, Kiristocin unguwar suka tsira. Malam Mahmud Hamza, wanda daga baya ya zama muftin garin, ya ɓoye mutane a gidansa. Musulmi da yawa da tarihi bai riƙe sunansu ba sun ɓoye maƙwabtansu a ɗaki da rumbu. Unguwar Yahudawa, wadda take manne da ta Kiristoci, ba a taɓa ta ba, abin da ke nuna cewa ba kowane wanda ba Musulmi ba ake nema, akwai hassada da bashi da siyasa a ƙarƙashin ihun addinin. Da mutane suka yi yawa ƙwarai, Amir ya riƙa kai su babbar ganuwar soja ta garin rukuni-rukuni. Da fari sun ƙi, domin sun ji yadda aka yi a Hasbaya, inda sojojin gwamnati suka tara Kiristoci a gidan hukuma suka karɓe makamansu sa'an nan suka buɗe ƙofa. Sai da ya sa nasa mutanen su yi gadi suka yarda. Waɗanda suka taru a can sun haura 10,000.

Gwamnatin Istanbul ta aiko da Fuad Pasha, ya yi hukunci mai tsanani: a watan Agusta aka kashe mutum fiye da 160, wasu da harbi wasu da rataya, daga baya gwamna Ahmad Pasha ma aka harbe shi. Faransa ta sauke sojoji 6,000 a Beirut. Lambobin girma suka yi ta zuwa wa Amir daga Faransa da Rasha da Girka da Istanbul, Amurka ta aiko da ƙananan bindigogi biyu na ado, Paparoma Pius na 9 ya aiko da lambarsa. Akwai masu cewa don kuɗin da Faransa take ba shi ya yi. Mai wannan magana sai ya gaya mana nawa Faransa take biyan mutanen Midan. Shi dai da Bishop Pavy na Aljiyas, magajin Dupuch, ya rubuto yana godiya, amsar da ya ba shi ita ce bai yi kome ba sai abin da shari'ar Musulunci da haƙƙin ɗan Adam suka wajabta masa. Haka kuma ya amsa wa Imam Shamil, jagoran Musulmin Kaukasus da ke tsare a hannun Rasha, wanda ya rubuto yana yaba masa, yana kuma baƙin cikin abin da aka yi da sunan addininsu. Da wasu a Paris suka fara zancen a naɗa shi sarkin Larabawan Siriya, ya nuna ba ya so, ya koma ga karatunsa.

Shekara 105 bayan wannan, ranar 28 ga Oktoba 1965, Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda Ikilisiya ta bayyana cewa tana duban Musulmi da girmamawa, su da suke bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Yesu da Maryamu, suna salla da azumi da sadaka, ta kuma roƙi ɓangarorin biyu su bar gabar da ta wuce su yi aikin adalci da salama tare. Ranar 6 ga Mayu 2001 Paparoma John Paul na 2 ya tuɓe takalmansa ya shiga masallacin Umayyawa, inda Abdulƙadir ya karantar, inda kuma ake girmama kabarin Yahaya Maibaftisma. Shi ne Paparoma na fari da ya shiga masallaci.

Sauran kwanakin Amir na ibada ne da rubutu. Ya sake zuwa Makka da Madina ya daɗe, ya halarci buɗe mashigin ruwa na Suez a 1869, almajiransa suka tattara karatunsa a littafin da ake kira Mawaƙif. Ya rasu a Dimashƙu ranar 26 ga Mayu 1883, aka binne shi kusa da Ibn Arabi kamar yadda ya yi wasiyya. A 1966, bayan Aljeriya ta sami 'yanci, aka ɗauko ƙasusuwansa aka mai da su maƙabartar El Alia a Aljiyas. A jihar Iowa ta Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Elkader, wanda aka raɗa wa sunansa tun 1846, yana tsakiyar yaƙi.

A Amboise kuwa, inda aka tsare shi shekara huɗu, hukumar garin ta sa aka ƙera siffarsa da ƙarfe a bakin kogi, tana fuskantar gidan da mutanensa 25 suke kwance. An sa ranar buɗewa 5 ga Fabrairu 2022. Da gari ya waye aka tarar wasu sun zo cikin dare sun yayyanke ƙasan siffar sun lanƙwasa ƙarfen. Magajin garin ya ce za a gyara, aka kuma yi bikin a ranar, da jakadan Aljeriya da mutanen gari tsaye a gaban ƙarfen da aka lalata.